Hoton nukiliya na jijiyoyin jini: yadda ake auna curin kitse da abin da lambobin ke nufi

A Dumega, kamar a Tibiri da Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa, da wuya a sami unguwar da ba a san wani magidanci ko wata dattijuwa da suka kwana lafiya suka wayi gari ɓarin jikinsu ya shanye ba. Wasu kuma ciwon ƙirji ne ke kama su a gona ko a kasuwa, kafin a sami motar da za ta kai su likita rai ya yi halinsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan larurori tushensu ɗaya ne: kitsen da ya daɗe yana taruwa cikin bangon jijiyoyin jini, wanda wata rana yake fashewa ya toshe hanya.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki suka faru. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar da za ta nuna wane curin kitse ne ke shirin fashewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce hoton nukiliya. Takardar sakamakonsa cike take da haruffa da lambobi irin su SUV da TBR, kuma kowace lamba tana da yadda ake lissafa ta da kuma iyakar abin da za ta iya faɗa.

Mene ne curin kitse?

Jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki suna da wata shimfiɗa siririya a ciki, mai santsi. Hawan jini, da hayaƙin taba, da ciwon sukari, da yawan kitsen da ake kira kolestarol na LDL, duk suna raunata wannan shimfiɗa. Idan ta raunata sai kitsen ya kutsa ya kwanta a ƙarƙashinta. Jiki na ɗaukar wannan kitse a matsayin baƙo, sai ya turo wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye datti, waɗanda ake kira makurofaj. Su ci kitsen har su kumbura su mutu a wurin, gawarwakinsu su haɗu da kitsen su zama wani ƙullutu mai laushi. A bisansa jiki ya gina murfi na zaruruwa. Wannan shi ne curin kitse, cutar kuma likitoci masu Faransanci suna rubuta ta athérosclérose.

Mutane kan kwatanta abin da bututun famfo da datti ya cika. Kwatancen yana da ɗan gyara, domin curin a cikin naman bangon yake girma, kuma shekaru da yawa bangon kan buɗe ta waje ya bar wa jini hanyarsa. Mutum zai iya ɗauke da shi shekara 20 ko 30 bai ji komai ba.

Cutar ba ta zamani kaɗai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya duba gawarwakin mutanen da 137 da aka adana, daga Masar da Peru da wasu wurare biyu, ya sami alamunta a kusan kashi ɗaya cikin uku. Likitan Jamus Felix Marchand ne ya raɗa mata suna a 1904, kuma a 1913 Nikolai Anichkov na Rasha ya nuna cewa zomayen da aka ciyar da kolestarol suna kamuwa da ita.

Girman curi da haɗarinsa

Curi iri biyu ne ta fuskar haɗari. Akwai tsoho mai kauri, wanda ya taurare da sinadarin kalsiyam, murfinsa da ƙarfi. Irin wannan yana iya matse hanyar jini har mutum ya riƙa jin nauyin ƙirji idan ya yi noma ko ya hau tudu, ya huta ya ji sauƙi. Akwai kuma mai laushi, cike da makurofaj, murfinsa bai kai kaurin silin gashi ba. Idan murfin ya tsage, jini ya taɓa abin da ke ciki, nan take sai ya daskare ya zama gudan jini. Idan a jijiyar zuciya ne, shi ne abin da ake kira bugun zuciya. Idan a jijiyar wuya ne, gudan kan ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki, wato AVC.

Abin da ya dami likitoci shi ne, sau da yawa curin da ke fashewa bai matse hanyar jini sosai ba kafin ranar. Eko da sikana da hoton da ake yi da zura siririn bututu cikin jijiya suna nuna siffa: faɗin hanyar da ta rage, da kaurin bango, da yawan kalsiyam. Hoton nukiliya kuwa aiki yake nunawa, wato ko curin yana cikin tafasa ko ya lafa.

Yadda hoton yake aiki

Dabarar ta samo asali daga George de Hevesy, ɗan ƙasar Hangari, wanda ya sami lambar Nobel ta 1943. Ana ɗaukar wani sinadari da jiki ya saba da irinsa, a liƙa masa ƙwayar zarra mai fitar da haske marar ganuwa, a yi wa mutum allurarsa kaɗan. Sinadarin ya bi jini ya taru inda ake buƙatarsa, na'ura kuma ta ƙirga hasken da ke fitowa daga kowane lungu na jiki. Inda ya taru da yawa sai ya fito da haske a hoton.

Na'urori iri biyu ne. Ta farko ita ce kamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙera a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Hoton da take ɗauka shi ake kira sintigirafi, idan kuma tana zagaya jiki ana rubuta TEMP ko SPECT. Galibi da sinadarin teknesiyom-99m take aiki, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa 6. Ana tatso shi daga molibdenom-99, wanda rabinsa ke ƙarewa a awa 66, shi kuma ana samun sa ta hanyar fasa uraniyom a wasu ƴan tashoshin bincike, kamar na Petten a Holan da na Pelindaba a Afirka ta Kudu. Ƙarfen da ake haƙowa a Arlit tun 1971 da wannan allura dangi ɗaya ne.

Ta biyu ita ce TEP, wadda masu Turancin Ingilishi ke kira PET. Sinadaranta suna fitar da wata ƙwaya da ake kira pozitoron. Da zarar ta ci karo da kishiyarta a cikin jiki sai su biyun su rikiɗe su zama haske biyu da ke tashi a lokaci guda, ɗaya gabas ɗaya yamma. Zoben na'urar ya kama su biyun, kwamfuta ta gane layin da suka fito. Tun 2001 ana haɗa TEP da sikana a na'ura guda, domin a san takamaiman wurin da hasken yake. TEP ta fi kamarar gama kaifin gani, kuma tana ba da adadi na ainihi, shi ya sa kusan duk awon curin kitse da ita ake yi. Matsalarta ita ce fuliyo-18, sinadarin da aka fi amfani da shi, rabinsa na ƙarewa a minti 110. Dole a sami injin sarrafa shi, sikulotoron, a kusa. Irin waɗannan cibiyoyi ƙalilan ne a yammacin Afirka. Sun fi yawa a Maroko da Tunisiya da Aljeriya da Masar da Afirka ta Kudu.

Sinadarai uku da aka fi sani

Na farko FDG, wani sukari ne da aka liƙa wa fuliyo-18. An fara gwada shi a jikin mutum a 1976 a Filadelfiya ta Amurka, kuma yau babban aikinsa neman ciwon daji ne. Makurofaj da ke cikin aiki suna da kwaɗayin sukari, sai su haɗiye FDG ya maƙale a cikinsu. A 2002 James Rudd da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka nuna, a kan marasa lafiya 8, cewa jijiyar wuyan da ta jawo larura ta fi ɗaya gefen shan FDG.

Na biyu sodiyom fuloraid, NaF. Tun shekarun 1960 ake hoton ƙashi da shi, domin yana manne wa kalsiyam. A cikin jijiya ya fi manne wa ƙananan burbushin kalsiyam da ke fara fitowa a curi mai ciwo, waɗanda sikana ba ta iya gani. Tsokar zuciya ba ta shan sa, don haka ya fi FDG dacewa da jijiyoyin zuciya.

Na uku DOTATATE mai ɗauke da galiyom-68. Yana kama wata alama da ke jikin makurofaj masu tsananin kumburi. Wani bincike na Kambirij a 2017 ya nuna yana bambance curin da ya jawo larura da sauran.

Ma'auni na farko: SUV

Hasken da ke hoto shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, domin wanda aka yi wa allura mai yawa zai fi haske, ƙaramin jiki ma zai fi babba haske da allura iri ɗaya. SUV ita ce lambar da ke daidaita wannan. Lissafinta kamar rabon hatsi ne a gida: a san tiya nawa aka auno, a san yawan bakunan, a fitar da rabon kowa, sannan a duba wanda ya sami fiye da rabonsa.

Ga misali. Mutum mai kilo 70 aka yi masa allurar megabekerel 280, wato 4 a kowane kilo. Da sinadarin zai bazu daidai wa daida a jiki, kowane giram zai sami kilobekerel 4. Wannan rabo shi ne SUV 1. Idan na'ura ta ga kilobekerel 8 a kowane mililita na bangon jijiyar wuya, SUV na wurin 2 ke nan: ya sha ninki biyu na rabonsa. Kwamfuta tana gyara lissafin raguwar da sinadarin ya yi tsakanin allura da ɗaukar hoto, shi ya sa ake rubuta lokacin allura da minti, a kuma auna abin da ya rage a sirinji. Kuskuren minti 10 a agogo yana karkatar da sakamako da kusan kashi 6 cikin 100.

Likita yana zana da'ira kewaye da jijiyar a kowane yanka na hoton. Daga cikin da'irar ana fitar da lamba biyu. SUVmax ita ce ta ɗigon da ya fi kowane haske. Tana da sauƙin maimaitawa, ko wane likita ya zana da'irar kusan abu ɗaya zai samu, amma ɗigo guda yana iya yin sama saboda hayaniyar na'ura kawai. SUVmean ita ce matsakaicin dukkan ɗigogin da'irar. Ta fi natsuwa, sai dai jinin da ke tsakiyar jijiya da kitsen da ke kewaye suna shiga lissafin su rage ta.

Ma'auni na biyu: TBR

Bangon jijiya siriri ne, jini kuma yana gudana a jikinsa, kuma jinin ma yana ɗauke da sinadarin. Fitilar da aka kunna a daren farin wata ba ta fitowa kamar wadda aka kunna a duhu. Don haka ake auna hasken jinin shi ma, a babbar jijiyar da ke maido da jini zuwa zuciya ko a ta wuya, sannan a raba SUV na bango da SUV na jini. Abin da ya fito shi ne TBR.

A misalin da ya gabata, idan SUV na bango 2 ne, na jini kuma 1.25, TBR zai zama 1.6. Takardun Faransanci da waƙafi suke rubuta shi: 1,6. A binciken jijiyar wuya da FDG, yankin da ya kai 1.6 ko ya wuce shi ake ɗauka a matsayin mai kumburi. A 2006 Ahmed Tawakol da abokan aikinsa a Boston suka ɗauki hoton marasa lafiya 17 kafin a yi musu tiyatar cire curin wuya, sannan suka ƙirga makurofaj a naman da aka ciro. Inda TBR ya yi sama, nan makurofaj suka fi yawa.

TBR ma tana da rauninta. Ƙoda ce ke fitar da FDG daga jini. Mai ciwon ƙoda jininsa kan riƙe sinadarin, SUV na jini ya hau, misali ya kai 1.6. Bango mai SUV 2 ɗin nan sai ya ba da TBR 1.25, a ga kamar lafiya lau alhali ciwon bai canja ba. Saboda haka wasu masana suka fi son a debe maimakon a raba: 2 a cire 1.25, saura 0.75. Har yanzu ana amfani da hanyoyin biyu, kuma ba a kwatanta lambar ɗaya da ta ɗayar.

Wane yanki ake aunawa?

Jijiyar wuya ko babbar jijiyar ƙirji tana fitowa a yanka da yawa, kowane da lambarsa. Yadda ake tattara su hanya uku ce. Ana iya ɗaukar matsakaicin dukkan yankunan daga farko zuwa ƙarshe, wanda ke nuna halin jijiyar gaba ɗaya. Ana iya ɗaukar yankan da ya fi haske tare da maƙwabtansa na sama da na ƙasa, a kira shi yanki mafi ciwo. Wannan ya fi amfani idan curi guda ake bibiya. Ana iya kuma ware yankunan da suka kai 1.6 kaɗai, a ƙirga su, a duba ko magani ya rage su. Jijiya guda a rana guda tana iya ba da lambobi uku mabambanta, kuma duk daidai ne bisa ƙa'idar kowace hanya.

Ga jijiyoyin zuciya da NaF an fara da TBR na wuri mafi haske. Daga baya masana a Edinbara da Los Anjeles suka fito da CMA, wadda ke tara hasken da ya wuce na jini a tsawon manyan jijiyoyin zuciya baki ɗaya, ta ba da lamba guda. CMA sifili na nufin babu wurin da ke aiki.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka zurfi: a fara ɗaukar hoto tun daga lokacin allura har awa guda ko fiye, a bi yadda sinadarin ke barin jini yana shiga nama, a lissafa saurin shigarsa da dabarar da Clifford Patlak ya wallafa a 1983. Tana cin lokaci, don haka a ɗakunan bincike aka fi yin ta. Sabbin na'urori masu ɗaukar jiki duka a lokaci guda, kamar wadda ta fara hoton mutum a 2018 mai tsawon kusan mita 2, sun sauƙaƙa ta.

Abubuwan da ke karkatar da awo

Babbar matsala ita ce ƙanƙantar abin da ake aunawa. Idon TEP ba ya rarrabe abin da bai kai milimita 4 zuwa 6 ba, alhali faɗin jijiyar zuciya milimita 2 zuwa 4 ne, curin kuma bai kai haka ba. Hasken ƙaramin abu kan baje ya dushe, kamar fitilar babur da aka hango daga nesa cikin hazon hunturu. Lambar da ke fitowa kullum ƙasa take da gaskiyar abin da ke cikin curin.

Sai motsi. Zuciya tana harbawa, ƙirji yana hawa yana sauka, hoton kuma minti 15 zuwa 30 yake ɗauka. Ana haɗa na'urar da wayoyin auna harbawar zuciya, a zaɓi lokacin da ta ɗan lafa, ko a sa kwamfuta ta daidaita hotunan.

Sai lokacin jira. Ga ciwon daji awa 1 ake jira bayan allurar FDG. Ga jijiya an fi son awa 2, domin jini ya washe bango ya fito. TBR na awa 1 da na awa 2 ba ɗaya ba ne ko a jikin mutum guda.

Sai sukarin jini. Idan ya yi yawa yana gasa da FDG wajen shiga ƙwayoyin. Ana so mutum ya yi aƙalla awa 6 bai ci ba, sukarinsa kuma ya kasance ƙasa da kimanin giram 1.26 a lita. Idan jijiyoyin zuciya ake son gani da FDG, shirin ya fi haka tsanani, domin tsokar zuciya ita ma mashayar sukari ce: kwana guda kafin hoton babu tuwo, babu fura, babu shinkafa ko kunu ko shayi mai sukari, sai ƙwai da nama da man shanu, sannan dogon azumi. Duk da haka a wasu mutane tsokar ba ta yin shiru.

A 2015 wasu masana a Faransa, cikinsu har da Irène Buvat, suka duba maƙaloli 49 da aka rubuta kan FDG da curin kitse, suka tarar da hanyoyin lissafi 46 daban-daban. A 2016 ƙungiyar likitocin nukiliya ta Turai, EANM, ta fitar da shawarar bai ɗaya: allurar megabekerel 3 zuwa 4 a kowane kilo, jiran awa 2, da amfani da TBR. Darasin ga marar lafiya shi ne, sakamakon wata cibiya a Tunis da na wata a Indiya ba a jera su a ce ciwo ya ƙaru ko ya ragu, sai in hanya ɗaya aka bi.

Abin da bincike ya tabbatar

A 2006 likitoci a Kurume ta Japan suka nuna cewa wata 3 na shan maganin rage kolestarol, simbastatin, ya rage hasken FDG a jijiyoyi. Tun daga nan kamfanonin magani ke amfani da hoton don gwada sabbin magunguna a kan mutane kaɗan cikin ɗan lokaci.

A 2014 masana a Edinbara suka yi wa mutum 40 da bugun zuciya ya kama hoton NaF. A 37 daga cikinsu, wurin da ya fi haske shi ne curin da ya fashe. A 2020 aka bi mutum 293 masu ciwon jijiyar zuciya na kimanin shekara 3 da rabi: duk waɗanda bugun zuciya ya kama suna cikin masu CMA sama da sifili, kuma wanda lambarsa ta wuce 1.56 haɗarinsa ya ninka fiye da sau 7. Amma babban binciken da aka wallafa a 2023, mai mutum 704, ya zo da sakamako mai fuska biyu. Hoton bai hango babban abin da aka sa a gaba ba, wato jimillar mutuwa daga zuciya da sabon bugu da aikin buɗe jijiya na gaggawa, ko da yake ya nuna alaƙa da mutuwa da sabon bugun idan aka ware su. Saboda irin wannan ne har yau hoton nukiliya na curin kitse ya fi zama kayan bincike. Ko a Turai ba gwajin da ake rubuta wa kowane mai hawan jini ba ne.

Abin da ake yi a Nijar

A Yamai, cibiyar IRI ta jami'ar Abdu Mumuni, wadda aka kafa a shekarun 1980, tana da sashen likitancin nukiliya mai kamarar gama, inda ake sintigirafin maƙoshi da ƙashi da ƙoda da zuciya. Wannan daban yake da gashin ciwon daji da cibiyar CNLC ta fara a 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Wancan magani ne, wannan kuwa dubawa.

Sintigirafin zuciya ba ya nuna curin kansa. Yana nuna ɓarnar da ya yi, wato wane sashe na tsokar zuciya ne jini ba ya isa. Hoto biyu ake yi, ɗaya bayan mutum ya tuƙa keke ko an yi masa allurar da ke buɗe jijiyoyi, ɗaya yana hutawa. Ana raba tsokar gida 17, kowane gida a ba shi maki daga 0, lafiya lau, zuwa 4, babu jini sam. Jimillar makin wahala ita ce SSS, ta hutu SRS, bambancinsu SDS. SSS ƙasa da 4 ana ɗaukar sa lafiya, 4 zuwa 8 matsala kaɗan, 9 zuwa 13 matsakaiciya, sama da 13 mai tsanani. Wanda ya sami SSS 10 da SRS 3, SDS ɗinsa 7 ne: akwai ɗan tabo na dindindin, amma mafi yawan wurin yana da rai, jini ne ke gaza masa lokacin aiki, kuma magani ko buɗe jijiya zai iya taimaka masa. Wanda za a yi wa allurar buɗe jijiyoyi dole ya bar kofi da shayi na awa 12 zuwa 24, kuma goro ma yana cikin hanin, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsa yana kashe aikin allurar. Mai tafiya daga Arewa zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 300, gara ya tambayi wannan tun kafin ya hau mota.

Yawan tururin da ke shiga jiki

Kowane ɗan Adam yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Allurar FDG ta megabekerel 280 tana ba da kusan milisibat 5, sikanar da ke tare da ita ta ƙara nata. Sinadarin ba ya zama a jiki: bayan kwana guda kusan duk fuliyo-18 ya ƙare, shan ruwa da yawan fitsari kuma suna gaggauta fitarsa. Mace mai ciki ko mai shayarwa dole ta faɗa kafin allura.

Awon da ya fi kusa da gida

Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, cikinsu har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya duba mutum fiye da 2,000 da ɓarin jikinsu ya shanye. Kusan kashi biyu cikin uku toshewar jijiya ce, sauran fashewarta, kuma hawan jini ne ya fi kowane dalili nauyi nesa ba kusa ba. A Nijar, binciken STEPS na 2007 ya sami hawan jini a jikin da yawa daga cikin manyan da aka auna.

Wannan awo ba ya buƙatar sikulotoron. A cibiyoyin CSI na gundumar Tibiri ana auna tansiyo, kuma wanda nasa ke kai 14 da 9 ko sama a awo fiye da ɗaya yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya ko da ba ya jin komai. Daga nan ake tura mutum asibitin gunduma na Dogon Dutsi, ko babban asibitin jiha a Dosso, ko Yamai, don gwajin sukari da kolestarol, da zanen harbawar zuciya, da ekon jijiyoyin wuya. OMS ta ce kada gishirin da mutum ke ci a rana ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Barin taba, da shan maganin tansiyo kullum ko an ji sauƙi, da maganin kolestarol ga wanda aka rubuta wa, su ne abubuwan da aka tabbatar suna rage fashewar curi.

Iyalin da aka ba shawarar kai majinyaci waje don hoton TEP, kafin su sayar da dabba ko hatsin rumbu, suna da haƙƙin tambayar likita wane sinadari za a yi amfani da shi, da wace tambaya hoton zai amsa, da kuma ko sakamakonsa zai canja maganin da ake sha. Wanda kuma bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji ya wuce minti 15 bai lafa ba, likita mafi kusa za a nufa da shi a wannan sa'ar, ba tare da jiran wayewar gari ba.